Ƙarfe Ba Ya Ƙarya

Duk kwamfutar da aka kawo shagona, kwantar da ita nake yi. Haka aka koya mini a Sakkwato: ka kwantar da akwatin a kan gefensa, ka kwance murfin, cikinta ya buɗe a gabanka kamar yadda mahauci ke buɗe akuya, sannan ka kunna. Bencina a kasuwar Boɗinga ma don haka kafinta ya yi shi da faɗi. Da wannan 'yar ɗabi'a na cuci dattijon da ya koya mini sana'ata ta farko. Zan faɗi yadda aka yi ba tare da na yi wa kaina kwalliya ba.

Dattijon mai buga takardu ne a Shagari. Rumfarsa tana kusa da sakatariya, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Mutanen Dandin Mahe da Horo Birni da sauran ƙauyuka sukan zo masa da magana a baki, su koma da ita a takarda: neman aiki, koke, shaidar sayar da gona, katin ɗaurin aure. Da na gama sakandare da irin sakamakon da ba a nuna wa baƙo, mahaifina ya kai ni wurinsa in koyi buga tafireta. Malam nake ce masa. Shekara biyu na yi a hannunsa.

Yana da rula ta katako, yana kuma da magana ɗaya da yake maimaitawa duk lokacin da mai koyo ya ɗora wa na'ura laifi. Tafiretar da nake koyo a kanta tana da wani harafi da yakan maƙale, ba kullum ba, sai ya ga dama. Wata rana ya ɓata mini takardar wasu mata da suka zo daga ƙauye, na ce harafin ne. Malam ya ce in tashi. Ya zauna, ya buga layi guda cur da harafin nan kaɗai, bai maƙale ko sau ɗaya ba. Ya ce in shimfiɗa yatsuna a kan tebur. Ya sauke mini rula a gaban matan, ya ce, "Ƙarhe bai ƙarya, mai taɓa shi ka yi."

Harafin nan yana maƙalewa. Har gobe ina kan wannan.

Amma shi ne kuma yake raba furarsa biyu da ni kowace azahar. Shi ne ya rubuta wasiƙar da na kai wa wani saninsa a Sakkwato, wanda ya karɓe ni na koyi gyaran kwamfuta. Waɗannan ban riƙe su ba. Rular na riƙe.

Lokacin da mutane suka fara raina takardar tafireta, babban ɗansa, wanda ke fataucin albasa, ya sayo masa kwamfutar tebur ta hannu da firinta da ɗan janareto. Malam ya koye ta da furfurarsa, kuma da yatsu goma yake bugawa, ba ya duban madannai. Samarin da suka buɗe shagunan buga takardu daga baya, da yatsa biyu suke tsattsaga kamar kaji. Ba wanda ya kama ƙafarsa a garin.

Da bazara ya fara kawo mini ita. Ɗan kabu-kabu ya sauke shi a bakin shagona, akwatin kwamfutar yana kwance a kan cinyarsa, naɗe cikin tsohon zane. Na tashi na karɓa, na durƙusa na gaishe shi, na ba shi kujerata. Ya ce wasu ranakun in ya kunna ta takan tashi lafiya, wasu ranakun kuma sai baƙin allo da layi ɗaya na Turanci. Ya kwafo layin a takarda da kyakkyawan rubutunsa. Na karanta, na ce masa ma'anarsa ita ce kwamfutar ta nemi hadis ba ta gan shi ba. Hadis shi ne ɗan akwatin ƙarfen da ke cikinta, wanda duk abin da aka rubuta yake ajiye a ciki. In ba ta gan shi ba, ba ta da inda za ta tashi.

Malam ya ɗan karkato kunne. Ya ce, "Wato hadisina ka ɓacewa?"

Telan da shagonsa ke jikin nawa ya ji. Mutum ne mai neman abin dariya kamar yadda kaza ke neman tsaba. Ya leƙo ya ce ai in hadisi ne ya ɓace ba Boɗinga za a zo nema ba, sai a tafi zauren malamai. Malam ya yi dariya tare da mu. Ranar nan ba wanda ya yi nufin komai.

Na kwantar da ita, na buɗe, na kunna. Ta tashi. Na kashe, na sake kunnawa, ta tashi. Na shiga shafin nan mai ruwan bula inda kwamfuta ke jera abubuwan da take gani a jikinta, ga hadis nan da sunansa. Na kanga kunnena a jikinsa, yana juyawa sumul, ba ƙara. Na gwada gidan wuta da mita, lafiya. Na hure ƙura da bulowa, na canza 'yar batirin nan mai kama da kwabo. Akwai wata jar waya mai faɗi da ke haɗa hadis da babban allon ciki. Na cire bakinta na wajen allon na mayar da shi wani rami. Bakinta na wajen hadis yana can lungu bayan wani ƙarfe, ban duba shi ba. Na ce masa an gama, ƙila ƙura ce. Ya sa mini albarka, ya hau kabu-kabu ya koma.

Bayan kwana takwas ya dawo da zancen jiya. Na kwantar, na kunna, ta tashi. Na kunna ta ya fi sau goma. Na tambaye shi ko janareto ne ke ba ta wuta rabi da rabi, ya ce ya gwada da wutar gari ma, duk ɗaya. Na tambaya ko yana barin filashi a jikinta in zai kunna, ya ce ba ya bari. Duk abin da na tambaya ya riga ya gwada. Wannan ya fara ba ni haushi, don ina ji kamar ni ake yi wa jarrabawa. Tela kuwa ya sami abin yi. Tun daga nesa in ya hango shi sai ya ce, "Malam, hadisin ya ɓace kuma?"

A zuwa na uku Malam bai zauna ba. Ya tsaya a bakin benci, ya ce ya lura da wani abu, in ba shi hankalina. Ya ce a rumfarsa a tsaye yake ajiye akwatin, a kan tebur ɗaya da firinta. Ranar da ta ƙi tashi, ya sauke ta ya kwantar a kan tabarma don ya naɗe ta ya kawo mini, sai zuciyarsa ta ce ya gwada kunna ta a haka. Ta tashi. Ya tsayar, ta yi aiki zuwa azahar, da firinta ya buga 'yan takardu ya girgiza tebur, ta daskare, ya sake kunnawa, baƙin allo. Ya maimaita haka kwana uku.

Ya ce, "In tana kwance tana gani, in tana tsaye ba ta gani. Kai kuma kullum kwance kaka duba ta."

Ranar kasuwa ce. Akwai mutum huɗu ko biyar a shagon suna jiran a tura musu karatu a waya, ga tela a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Da a ce mu biyu ne, ƙila da na tsayar da ita a take na gani. Amma tsoho mai tafireta ya gaya mini yadda zan yi aikina a gaban mutane. Na yi dariya, na ce kwamfuta ba jinjiri ba ce da za a ce sai an kwantar da ita take shiru. Tela ya ce wataƙila goyo take so. Aka bushe da dariya. Na ƙara da cewa shekaru in sun taru, ido yakan ga abin da babu. Malam ya ninke zanensa. Ya ce zai bar mini ita kwana biyu in duba a natse.

Washegari da hantsi aka kawo mini wani babban firinta, ina neman wuri a benci, sai na ɗaga akwatin Malam na tsayar da shi a gefe. Har na juya, na ce bari dai in danna. Baƙin allo, da layin nan na Turanci, harafi da harafi kamar yadda ya kwafo.

Na kwantar, ta tashi. Na tsayar, na ɗan bubbuga bencin da tafin hannu, na kunna, ba ta gani.

Na kwance ƙarfen da ya tare lungun, na haska da fitilar waya. Bakin jar wayar na wajen hadis ya tsage, tsaga siririya kamar gashi, don haka ba ya kama wurinsa da ƙarfi. In akwatin yana kwance, wayar tana zaune a kan bakinta. In yana tsaye, nauyinta yana janye ta ƙasa kaɗan kaɗan, girgizar firinta tana taya ta, har ta saki. Duk abin da dattijon nan ya faɗa haka yake, bai kuskure ko ɗaya ba. Ya gano ciwon ba tare da ya taɓa buɗe murfin ba.

Irin wayar nan ina da su dami guda rataye a ƙusa, saitin kaina. Na miƙa hannu na zaro ɗaya.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kunya ce ta hana ni, wai ba zan iya cewa "Malam, kai ke da gaskiya" a gaban tela ba. Ƙarya ce. Ina iya canza wayar shiru, in ce masa na sake hure ƙura, ya tafi, magana ta mutu, ba wanda zai sani. Na yi wannan tunanin a lokacin, sarai. Abin da ya tsayar da hannuna shi ne na tuna shi zaune yana buga layin nan guda, ni ina tsaye, matan ƙauye suna kallona. Yau ga shi ni ne a zaune. Wani daɗi ya taso mini tun daga ciki, irin wanda mutum ke ji in ya sosa ƙurji. Na mayar da sabuwar wayar kan ƙusa. Na tura tsagaggiyar wurinta, na ɗaure ƙarfen, na rufe murfi.

Da ya zo ɗauka na ce masa na gwada ta a tsaye da kwance, kwana biyu, ba ta yi gardama ko sau ɗaya ba. Ya ce to, ba komai, zai riƙa aiki da ita a kwance tunda a haka take yarda da shi. Nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Na ɗaure fuska irin ta masu sani, na ce kada ya kuskura. Na ce in ta yini a kwance fankar ciki za ta shaƙe, zafi ya taru, hadis ya ƙone da duk takardun mutane da ke ciki. Na ce mu da muke kwantarwa na ɗan lokaci ne, kuma murfi a buɗe.

Babu gaskiya ko ƙwaya a ciki. Amma na san mutumin. Shi mai bin dokar sana'a ne. In mai sana'a ya ce kada a yi, ba zai yi ba ko da shi kaɗai ne a ɗaki. Ya ce, "To, Injiniya. Kai ka sani." Ranar ce ya fara kirana Injiniya. Da can "ɗana" yake cewa.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na riƙa jin sa, don tsakanin Boɗinga da Shagari magana ba ta kwana a hanya. Aka ce mutane sukan cika bencin rumfarsa tun safe, shi yana ta kunnawa yana kashewa, har su gaji su tsallaka wurin samarin nan. Aka ce wasu 'yan'uwa biyu daga Dandin Mahe sun zo neman kwafin shaidar gonar da ya taɓa buga musu, ya ce tana ciki amma kwamfutar ba ta ganin ta yau, su dawo gobe. Suka dawo sau uku, na ƙarshe ɗayansu ya ce masa in ya manta inda ya sa ne ya faɗi gaskiya. Aka ce an gan shi yana yi wa akwatin magana. Waɗanda suka san ya kawo mini ita sukan tambaye ni, ni kuma in ɗaga kafaɗa in ce ni dai a gabana lafiyarta lau. Ban taɓa cewa ya ruɗe ba. Na bar su su faɗa da bakinsu, ina gyaɗa kai.

Ya kira ni a waya sau da yawa. Wani lokaci in ɗauka, in ce ya cire wuta ya ƙirga ashirin ya mayar. Wani lokaci in bar ta ta yi ta ƙara a kan benci.

Ana gab da faɗuwar ruwan farko babban ɗansa ya kawo shi a motar ɗaukar albasa, da akwatin. Ɗan ya girme ni, mutum ne mai nauyin baki, ba ya son hayaniya. Ya gaishe ni, ya ce sun zo ne a raba gardama. Ya ce a gida hankalinsu ya tashi: Baba ba ya cin abinci, ya rame, kullum zancensa tsaye da kwance. Kwanan baya ya bar hularsa a masallaci. Ya kira jikarsa da sunan uwarta. Abubuwa ne da kowane mai rai yake yi, ni ma na bar hulata a wurare, amma yanzu an fara tara masa su kamar shaidu a gaban alƙali. Duk wannan a gaban uban ake faɗa, yana tsaye riƙe da zanen da ya naɗo akwatin.

Ɗan ya ce, "Injiniya, don girman Allah ka gaya muna gaskiya. Ƙarhen ga ne, ko Baba ne? In ƙarhen ne a gyara. In Baba ne mu ɗauke shi ya huta, tun mutane ba su gama yi mai dariya ba."

Na kwantar da akwatin, na buɗe murfi, na kunna. Ta tashi.

Malam ya ce, "Tsai da ita."

Na ce to. Na ɗauki ɗan burushi kamar zan share ƙura, na zura hannu lungun nan, na danna bakin wayar da babban yatsana har ya zauna daram. Na san zai riƙe na ɗan lokaci. Na rufe, na ɗaga akwatin a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, na tsayar. Na ce Malam ya danna da hannunsa. Ya danna. Ta tashi. Ya kashe ya sake dannawa, ta tashi. Ya sake, ta tashi.

Tela yana bakin ƙofa yana kallo. Malam ya ce a ɗan jira, a girgiza bencin, a kawo firinta a buga wani abu. Ɗan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ya isa hakanan."

Da na yi shiru a nan ma, an riga an gama. Amma shekara da shekaru ina ɗauke da maganar nan a bakina, ba zan bari ta koma ciki ba. Na sassauta murya kamar mai tausayi, na ce, "Malam, ƙarhe bai ƙarya. Kai ka koya min."

Ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne, da shi ne da na fi samun sauƙi. Kallon mutumin da aka tuna masa gaskiyar da ya manta ne. Sai ya sunkuyar da kai ya dubi yatsunsa goma, ya juya su ciki da baya. Ya ce, "Haka ne." Ya ninke zanen ya bi ɗansa zuwa mota.

A makon nan aka rufe rumfar. Ɗan ya bar mini akwatin, ya ce in kwashe takardun mutane in tura wa samarin can, ita kuma in ga abin da zan yi da ita, don ba ya son uban ya riƙa ganin ta. Motarsu ba ta kai bakin titi ba na zaro waya daga ƙusa na canza. Bai kai lokacin da mutum zai sha kofin ruwa ba. Na jefa tsagaggiyar cikin kwalin tarkace. Kwamfutar nan ta yi damina guda a tsaye a shagona, ina aiki da ita kullum, ba ta sake rasa hadis ba. Tela yakan dube ta ya girgiza kai ya ce, Allah sarki, ashe dai tsohon ne. In ce masa, to, ya za a yi.

Ba wa'azi ne ya juyo ni ba, ba kuma mafarki ba. Wajen ƙarshen damina aka kira ni wani aiki a Shagari, hanya ta bi da ni ta ƙofar gidansu. Yana zaune a kan tabarma a bakin zaure. Ba yadda zan wuce, na sauka daga babur na durƙusa. Ya gane ni, ya amsa da fara'a, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure kowa ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganye, yara suna ta kora awaki gida. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Injiniya, hadari ne can, ko ni nika ganin kamar hadari?"

Na ce hadari ne, Malam. Ya ce alhamdu lillahi.

Ɗan ya fito ya raka ni wurin babur. Ya ce haka yake yanzu. In an ba shi shayi sai ya tambaya ko da sukari, alhali yana bakinsa. In ya yi la'asar sai ya tambayi na kusa ko ya yi, in ba kowa sai ya sake. Ba ya yarda ya kai saƙo, ba ya yarda ya yi shaida a ɗaurin aure. Ya ce sun gode Allah da na faɗa musu gaskiya da wuri.

Ruwa ya dake ni tun daga Shagari har Boɗinga, ban raɓe ko'ina ba. Ban sani ba ko tsufa dama yana tafe, ko da ni ko ba ni. Na kan so in yarda da haka. Amma na san mutumin da ya tsaya a bakin bencina ya bayyana mini ciwon na'ura dalla-dalla, ba ruɗaɗɗe ba ne.

Na zazzage kwalin tarkace na nemo wayar. Ranar Juma'a bayan an sauko na ɗaure akwatin a babur na koma. Na roƙi ɗan ya zauna tare da mu a zaure. Na faɗi komai: ranar da na gano tsagar, sabuwar wayar da na mayar kan ƙusa, ƙaryar fanka, babban yatsana. Har rular na faɗa, don kada a ce ba dalili, ko da yake da na ji ta a bakina sai na ji ƙanƙantarta. Ɗan bai katse ni ba. Ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi.

Na miƙa wa Malam wayar na nuna masa bakin. Ya karɓa, ya kai ta kusa da ido, ya nisantar, ya shafa da ɗan yatsa. Sai ya miƙa wa ɗansa ya tambaye shi ko shi ya ga tsaga. Ɗan ya ce ya gani, ga ta nan. Malam ya dubi ɗan, ya dube ni, ya yi murmushi irin na wanda ya gane an haɗa baki don a faranta masa.

Ya ce, "Allah shi yi muku albarka, ku duka. Na san abin da kuka so ku yi. Amma sau ukku tat tashi tana tsaye, da hannuna nid danna. Wanga kam na gani, kuma akwai shaidu."

Na rantse masa. Na ce a kawo wuta in mayar da tsohuwar wayar a gabansa ya ga baƙin allon da idonsa. Ya ce a'a, kada in wahalar da kaina, ko ya gani ba zai san ko ya gani ba. Na ce to ya yafe mini. Ya ce rular ce ya kamata shi ya nemi gafara a kanta, bai tuna ranar ba amma tunda na faɗa an yi. Na ce ba ita ba, abin da na yi masa nake nufi. Ya kama hannuna, hannun da ya taɓa duka, ya riƙe cikin nasa.

"Mi zan yahe, ɗana? Gaskiya kaɗai ka hwaɗi."

Ɗan ya miƙe, ya ɗauki akwatin da kansa ya fitar waje ya dire a ƙasa kusa da babur ɗina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce albarkacin mahaifina ba zai kai maganar ko'ina ba, amma kada ƙafata ta sake taka ƙofar gidan nan, ko a ranar jana'iza. Ya juya ya shiga.

Ina tsugune ina warware igiya na ji muryar Malam daga cikin zaure, yana tambaya a hankali ko yaron nan na Boɗinga ya zo yanzu, ko shi ne ya ga kamar ya zo.

Sai na ji ɗan ya ce, "Ya zo, Baba. Ya tahi."

Na ɗora akwatin a bayan babur, a kwance, na ɗaure.